Yadda ake haɗa mutanen da za su riƙe maka gonar hatsi ta oganik, tun daga kai taki har rumbu

Kwanaki wani abokina da ke aiki a Abuja ya kira ni da daddare, wai ya sayi gona eka goma sha biyu a ƙauyensu yana so ya yi noman oganik, gero da dawa da wake, ba takin zamani ba feshi, don ya ji an ce akwai masu saye da daraja, kuma tambayarsa ta farko wai wace irin tarakta zai saya. Na ce masa Alhaji ajiye maganar tarakta tukun, wa zai riƙa kwana kusa da gonar nan? Sai ya yi shiru. To wannan shirun ne ya sa na zauna rubuta wannan, don na lura duk mai shigowa harkar nan ƙasa yake kallo da iri da kasuwa, ya manta cewa buhun kamfa ɗaya, wato takin zamani, da yaro zai zuba da safe kafin rana ta yi zafi, abin da zai maye gurbinsa amalanke ne bayan amalanke na takin gida, kuma ekar da mai famfon feshi zai gama shi kaɗai a wuni guda, in ka ce ba feshi sai ka tara majiya ƙarfi da fartanya har sau biyu ko uku. Kuɗin da ka hana mai shagon magani, hannun mutane za ka zuba shi.

Da farko ka san alkawarin da ka ɗauka

Kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya aiki ka zauna ka san me kake cewa ba za ka yi ba, don kai za ka maimaita wa kowa shi har bakinka ya gaji. Ba kamfa, ba yuriya, ba supa, ba maganin kashe ciyawa, ba maganin ƙwari na kanti, ba irin da aka shafe da hodar magani mai launi, ba irin da aka sauya wa halitta kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 ko masarar TELA ta 2024 (ba wai ina zaginsu ba ne, kawai dokar oganik ba ta karɓarsu), sannan a wajen ajiya ba Sniper ba ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, don sinadarin da ke cikin Sniper ɗin nan shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Sannan ka yanke shawara wa za ka sayar wa. In mutanen gari ne da suka san ka suka yarda da kai, masu son geron fura da waken da ba ya warin magani, amana ta wadatar. In kuwa takardar shaida kake nema don masu fita da kaya waje, to akwai jira, a dokar Turai sai gona ta yi shekara 2 ba sinadari kafin shukar da za a kira ta oganik, a ta Amurka kuma wata 36 kafin girbi, kuma kamfanin da ke ba da shaidar, irin su Ecocert, zai riƙa turo mai dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ma'anarsa mutum ɗaya da famfo ɗaya zai iya mayar da kai farkon layi bayan ka yi shekara biyu kana wahala. Shi ya sa mataki na gaba ya fi komai.

Mai kula da gona

Ka nemo mutumin da gidansa ke kusa, wanda zai iya zuwa gonar da ƙafa bayan sallar asuba ya dawo kafin a gama koko. Ni dai na fi son dattijo mai sauran ƙarfi wanda ya yi noma tun kafin maganin ciyawa ya cika ƙauyuka, don shi ba sai ka yi ta lallashinsa cewa gero na yi ba kamfa ba, ya gani da idonsa a gandun mahaifinsa. Kar ka tambaye shi ko ya iya noma, kowa zai ce ya iya. Ka ce Baba muje ka nuna min gonarka, ka duba ko ya bar gawo a ciki, ko akwai tarin taki a bayan gidansa, ko yana cire wuta-wuta ko kuwa ya bar ta tana fure abinta. Ka tambayi mai unguwa da limamin garin halinsa wajen amana, kowanne daban, ba a gaban juna ba.

Maganar biya ku yi ta a fili gaban shaida. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne ɗan albashi na wata, da wani kaso na amfanin gona a kaka, sai kuma ka yanka masa gayauna a gefe ya yi nasa. Amma ita ma gayaunar sharaɗinta ɗaya da gonarka, in ba haka ba buhun yuriyarsa zai kwana a ɗakin ajiyarka kuma ba ka da amsar da za ka ba mai dubawa.

Bari in ba ka abin da ya same ni a shekara ta biyu. Na yi wa baban da ke kula mana bayani har ya haddace, amma ban yi wa 'ya'yansa ba. Aka yi kwana huɗu ana ruwa ba a shiga gona ba, ciyawa ta taso a kusurwar gabas kamar an shuka ta, babban ɗansa yaro mai ƙoƙari wallahi, ya ga uban na cikin damuwa, ya je ya ari famfo wajen abokinsa ya feshe kusurwar da yamma don ya burge mu. Da na zo bayan kwana uku na ga ciyawar ta yi ruwan ɗorawa ta kwanta gaba ɗaya a layi guda, uban na tsaye ya cire hula yana juya ta a hannu, ya ce Alhaji ni na ja maka, ban gaya masa ba. Me zan ce? Sai da muka kakkafa turaku muka ware wannan yankin, abin da ya fito a ciki aka sayar da shi a matsayin hatsin kasuwa kawai, lissafinsa ya koma daga farko. Tun daga ranar duk wanda zai taka gonar, ko ɗan kawo abinci ne, sai ya ji dokar daga bakina ko daga bakin Baba.

Maƙwabta

Wannan kar ka aika, ka je da kanka da ɗan goro. Duk wanda gonarsa ta haɗa iyaka da taka ka gaya masa abin da kake yi, ka roƙe shi in zai yi feshi ya yi da sassafe kafin iska ta tashi kuma ya juya wa gonarka baya. Wasu za su yi maka dariya, ba komai. Kai kuma ka bar fili tsakani, 'yan kunyoyi a gefe da za ka shuka rama ko gamba ko ka bar su da dawar da za a girbe daban ba za ta shiga cikin ta oganik ba. Ka duba kuma ta ina ruwa ke gangarowa, in gonar sama ce ke zubo maka ruwa a tare shi da ɗan kwalbati na ƙasa ya bi gefe. Famfon feshi kuwa, wanda za ka riƙa fesa ruwan darbejiya da shi, ka sayi naka sabo ka rubuta masa suna da fenti, ba a ara ba a aro.

Mutanen rani, wato masu taki

Noman oganik a watan Disamba yake farawa ba a watan Yuni ba. Hanya mafi sauƙi tsohuwa ce, makiyaya su sauka a gonarka bayan girbi shanu su ci kara su kwana su bar maka kashi da fitsari, kai kuma ka ba su 'yan dammunan hatsi da wurin shan ruwa. Yanzu da zamani ya lalace ba a yin ta kai tsaye, ka bi ta hannun ardo da mai unguwa, a san su waye, shanu nawa, kwana nawa. Ka ce Ardo ranka ya daɗe ina so a riƙa matsar da makwancin duk bayan kwana biyu ko uku, don in ba ka faɗa ba za su yi wata guda a gindin bishiya ɗaya, damina ta zo ka ga wuri guda dawa ta fi ƙarfin mutum sauran gonar kuma kamar an yi mata aski.

Sai masu jakai da masu amalanke da za su kwaso takin turke da na akurki daga gidaje. Ƙauyukan kewayen Kano da wannan suka daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, jaki ya shiga birni da itace ya fito da mangalar taki. Amma sharar birni ta yau ba irin ta da ba ce, leda ce da batir da fasassun kwalabe har da allurai, ni na daina karɓa. Ku yi ciniki a kan amalanke ɗaya-ɗaya ba wuni ba, Baba na tsaye yana ƙirga yana ɗaura ƙulli ko yana ja a takarda. Kashin kaji na manyan gidajen kiwo yana da ƙarfi sosai, sai dai in takarda kake nema ka fara tambayar masu ba da shaidar, don dokar Turai ba ta yarda da takin da ya fito daga kiwon masana'anta ba.

Ka ware mutum biyu don ramin taki. Rami kamar tsayin gaba biyu, zurfi zuwa ƙugu, a shimfiɗa yankakken kara a ƙasa, a bi shi da ɗanyen ganye ko ciyawa, sai kashin dabbobi, sai a barbaɗa toka da 'yar ƙasa a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika a rufe da kara. Jiƙa ake so ba caɓi ba, in ka damƙa ka matse ya dunƙule ba ya ɗiga. A soka sanda a tsakiya, bayan kwana huɗu ko biyar in an zaro ta da zafi to aiki na tafiya, in da sanyi ko ruwa ya yi kaɗan ko kashi ya yi kaɗan. A juya duk bayan sati biyu zuwa uku, cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari ya koma ƙamshin ƙasar farkon damina. Zafin nan shi ke kashe 'ya'yan ciyawar da ke cikin kashin, wanda in ka zuba shi ɗanye kai da kanka ka shuka wa masu nomanka aiki.

Kuma gaskiya takin ba zai ishe ka ka baza ko'ina ba, malaman gona kan yi maganar tan biyar ko fiye a hekta ɗaya in masara ce, wa ke da wannan? Sai ka yi dabarar mutanen Tawa ta Nijar masu tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a zuba cikin hannu ɗaya ko biyu a ramin shuka kawai.

Masu sassabe ka bi su da ido ranar farko, don hannunsu ya saba da sare komai a tara a cinna wuta. Ba ƙona gona. Gawo ba a taɓa shi, shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa shuka rana ta kuma yi mata taki, kututturen kalgo da sabara da ke tohowa a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari a sare sauran. Wannan shi ne sassaben zamani da aka faro a yankin Maraɗi a shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya mayar da miliyoyin hekta kore a Maraɗi da Damagaram.

Iri, huɗa da shuka

Iri mutum ɗaya ne zai riƙe shi, kai ko Baba. Ko dai naka da ka zaɓa tun a gona, manyan zangarniyoyi masu lafiya, ko ka nemi ingantacce kamar geron SOSAT mai saurin nuna ko dawar SAMSORG da waken SAMPEA na cibiyar bincike ta Samaru a Zariya (ban da 20-T ɗin nan), amma ka ce a ba ka wanda ba a shafa wa magani ba, in ka ga hoda ja ko shuɗiya ko kore a jiki ka mayar.

Mai shanun huɗa ka kama shi tun watan Afrilu ka ba shi kafin alkalami, don ranar da ruwan shuka ya sauka kowa shi yake nema kuma wanda ya riga biya shi ake fara yi wa. Tsarin shukar ka zana masa a ƙasa da sanda, layi biyu na hatsi layi huɗu na wake, irin wanda masu bincike na cibiyar noma ta IITA suka gwada a Kano, baɗi kuma a musanya, inda wake ya zauna hatsi ya hau. Tsofaffi za su ce ba haka ake yi ba, a bar su su yi gicci irin nasu a wani yanki, kaka ta raba gardama. Masu shuka biyu-biyu ne, mai sungumi a gaba mai jefa iri yana take wa a baya, ga na uku yana bin su da kwandon taki in ba a riga an zuba ba.

Noma, inda ake cin kasuwar ko a faɗi

Nan ne kuɗinka zai tafi, kuma nan ne ake gane mai gonar da ya iya zama da mutane. Noman firi kar ya wuce sati biyu bayan tsiro, maimai kuma bayan kamar sati uku da shi, sannan a zo a yi huɗa a tara wa shuka ƙasa a gindi. Matsalar ita ce satin da kake neman 'yan ƙwadago shi ne satin da kowa ke neman su, su ma kuma suna da nasu gonakin, don haka tun kafin damina ka samu shugaban wata ƙungiyar samari ku yi magana, mutum nawa zai kawo, wace rana, ka riƙe lambarsa ya riƙe taka.

Hanyar biya iri biyu ce kuma kowacce da cutarta. In na wuni ne, daga safe zuwa azahar, za a yi aiki mai kyau amma a hankali, ana hira ana gyara ƙotar fartanya. In jinga ce, wato ku yi ciniki a kan yanki gaba ɗaya, za su gama kafin ka ƙifta ido amma rabin ciyawar binne ta aka yi ba a yanke saiwarta ba, ruwa ɗaya ta miƙe. Ni abin da nake yi, firi da rage shuka na wuni nake bayarwa don shuka na ƙarama tana son a bi ta a hankali, maimai kuma jinga, amma da sharaɗin sai Baba ya zaga ya tona wuri uku ko huɗu da ƙafa kafin a cika kuɗi. Kuma a biya a ranar, a bakin gona, kafin gumi ya bushe. Ka yi wa ɗan ƙwadago sai gobe sau ɗaya, duk garin sun ji, sati mai zuwa kana kira ana ce maka wayar ba caji.

Abinci kar ka raina shi. Koko da ƙosai ko ɗumame da safe, fura mai kauri da hantsi ya yi, ruwan sha mai sanyi a jarka a inuwa, wannan kaɗai kan sa a zaɓi gonarka a bar ta wani da ya fi ka biya da 'yan kuɗi kaɗan. Ka ba wata mata a garin kwangilar dafawa, ka ce Inna mutum goma sha biyar ne gobe, ka ba ta hatsin da kuɗin cefane tun yau. Gayya kuwa in har ana yinta a garin ka shiga, amma ka sani bashi ce, ranar ta wani dole ka tura naka mutanen, kuma aikin gayya na gaggawa ne da gasa, ya fi dacewa da huɗa ba firi ba. Ka ajiye ɗan akwatin magani da takalman roba, ka san kuma asibitin da ke da allurar sarar maciji mafi kusa tun kafin a buƙace ta, gonar da ba a feshi komai na rayuwa a cikinta.

Wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji, ita aikinta daban ne da mutanenta daban. Tana fitowa ne bayan an gama noma kowa ya huta, gindi ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya kuma suna iya shekara goma sha biyar ko fiye a ƙasa suna jira. Ka sa mutum biyu ko uku su riƙa zagawa duk sati suna tuge ta kafin furen nan mai kyau ya buɗe, a zuba a buhu a fitar da ita daga gonar a ƙone, kar a jefar a kunya kar kuma a sa a ramin taki. Inda ta yi yawa baɗi a sa waken suya ko gyaɗa a wurin, a kuma ƙara masa taki, don ƙasar da ta gaji ta fi so.

Mai ido

Ka samu matashi ɗaya mai natsuwa mai waya, aikinsa zagaya gona sau biyu a sati da sassafe yana buɗa ganye yana leƙa ƙarƙashi, ya ɗauki hoto ya turo maka ta WhatsApp, in abin ya fi ƙarfinku ku nuna wa malamin gona. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo a 2016 in an gan ta da wuri ana murƙushe ƙwanta da hannu a zuba toka da yashi a cikin kan masarar, in ta girma kuwa sai haƙuri.

Mai idon nan shi zai koyi haɗa ruwan darbejiya na korar ƙwari. A tsinto 'ya'yan da suka nuna a shanya a inuwa, a ɓare a daka, kamar rabin kilo a lita goma na ruwa, ya kwana a jiƙe, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kar ya toshe bakin famfo, a fesa da yamma don rana na kashe ƙarfinsa, kuma a haɗa na ranar kawai. Tsintar 'ya'yan aikin mata ne da ake saye da mudu, ka fara tara su tun suna zuba. Ba zan ɓoye maka ba, wake shi ne mai wuyar, daga fara fure sai an bi shi duk sati kuma duk da haka ba zai kai na mai feshin kanti yawa ba, gero da dawa su ne masu rufin asiri. Korar tsuntsu lokacin da gero ya fara ido a ba manya ko samari, gwangwanaye a igiya da majajjawa, yara kuma sai bayan an tashi makaranta, masu saye na waje suna duba wannan sosai kuma ko ba su duba ba bai dace ba.

Kaka

Gero a Satumba, wake daga Oktoba, dawa sai Nuwamba zuwa Disamba. Maza su kwantar su yanka da magirbi su ɗaure dami, roron wake da sussuka da shiƙa kuwa mata ne, yawanci dattijai da zawarawa, don a garuruwa da yawa matan aure ba sa fita gona sai dai a kai musu gida. Su ma akwai shugabarsu, da ita za ka yi magana, ka ce Gwaggo kuɗi kuke so ko hatsi, da yawa za su ce hatsi, to a auna da kwanon da kowa ya yarda da shi a gabansu. Su suka fi kowa sanin hatsin da ya bushe da wanda bai bushe ba, in Gwaggo ta ciza ta ce da saura kar ka yi musu. In kana son ƙarin tabbaci ka zuba hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar a mayar shanya. A kan tamfol ake shanya ba a ƙasa ba, ba kuma a bakin kwalta ba.

In injin casa za ka ɗauko haya, daga gonar wani ya fito, a buɗe a share shi a gabanka, buhun farko da ya fito a ware shi a ci a gida. Buhuna sababbi, kar wanda ya kawo maka tsohon buhun taki wai an wanke. Don ajiya ka nemi buhun PICS mai hawa uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗawa a 2007, leda biyu a ciki buhu a waje, a duba ledojin ba huji, a cika a matse iska a ɗaure kowacce daban, ƙwarin ciki su mutu don rashin iska ba tare da ko ɗigon magani ba. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kar a riƙa buɗewa ana leƙe. Makullin ɗakin ajiya mutum ɗaya, don a nan ne wani mai son taimako zai ga ƙwaro ɗaya ya ruga ya sayo Sniper.

Mai rubutu

Da na sa shi tun farko ma, don aikinsa daga ranar farko yake. Littafi mai kauri guda ɗaya, da boko ko da ajami duk wanda mai riƙe shi ya fi iyawa, kullum a rubuta kwanan wata, me aka yi, a wane yanki, mutum nawa, nawa aka biya, taki daga gidan wa, iri daga ina, dami nawa aka ɗaure, buhu nawa ya shiga ɗaki. Rasit ko na naira nawa ne a liƙa. Mai dubawa in ya zo littafin zai fara buɗewa, ya gwada yawan buhunan da girman gonar, sannan ya ja ɗan ƙwadago gefe ya tambaye shi me kuke fesawa a nan, ba kai zai tambaya ba. In gonarka ƙarama ce kuɗin shaidar zai yi maka nauyi kai kaɗai, sai ku haɗu ƙungiya da maƙwabta ku nemi ta bai ɗaya, ku naɗa masu duba juna a cikinku, ƙungiyar masu noman oganik ta Najeriya, NOAN, na wayar da kai a kan irin wannan.

Da an gama ɗaure buhu na ƙarshe a fitar da zakka, ɗaya cikin goma tunda noman ruwan sama ne in ya kai nisabi, sannan kason Baba a auna masa kafin a kai ko buhu ɗaya kasuwar Dawanau. Ka tara su duka rana guda, mai shanun huɗa da shugaban samari da Gwaggo da mai ido, a ci abinci, a buɗe littafin a karanta abin da kowa ya karɓa ko akwai mai sauran haƙƙi, ka tambaye su wane yanki ne ya ba su wahala bana kuma me ya sa, za ka ji abin da ba za ka taɓa ji ta waya ba. Ni a irin wannan zaman ne Gwaggo ta gaya min tamfol ɗin da muke shanya a kai tsohon na rufe buhunan taki ne da direba ya bar mana, shekara biyu ba wanda ya lura. Washegari ka aika a gaya wa ardo an kwashe dawa, kara na jiran shanu.